Jarka Ashirin, Taga Ɗari da Saba'in

Tun kafin in taɓa sandar wankin gilashi da hannuna, abu ɗaya ne yake tayar mini da hankali: ruwa zai ƙare. Ba wanda ya ce mini zai ƙare, ni dai haka na tashi. A ƙauyenmu na ƙasar Gumel rijiyarmu gaba talatin ce, kuma tun ina 'yar shekara bakwai na san tulu nawa gidanmu yake sha a rana. Ruwan da aka wanke hatsi da shi na akuya ne, wanda aka ɗauraye kwanuka da shi na gindin zogale ne. To da maigidana, Baban Ummi, ya ɗauko ni zuwa Riyad ya ce ga aikin da ya samo mini, wai a tsaya a ƙasa a riƙa kwarara wa gilashi ruwa har ya yi fes, sai gabana ya faɗi. Na ce masa, "A garin da ko rafi babu?" Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, a nan a mota ake kawo ruwa. Hankalin nawa bai kwanta ba.

Ina rubuta wannan ne saboda 'yan matan da ake kawo mini yanzu in koya musu. Kowacce za ta tsaya ta kalle ni minti biyar, sai ta ce, "Anti Rabi, ai wannan wasa da tiyo ne." To ku zauna ku ji yadda wasan yake.

Yadda aka yi mace ta shiga wannan sana'a shi ne, akwai wuraren da namiji ba ya shiga: makarantun 'yan mata, ɓangaren mata na gidajen biki, cikin gidajen manya. Kafilinmu, wato ubangidan da takardun zamanmu suke hannunsa, muna ce masa Abu Nasir, ya ga maza suna rasa irin wannan aiki, sai ya yi ƙungiyar mata. Ƙungiyar kuwa mata biyu ce kawai. Baban Ummi shi ne direba, yana tsayawa a waje da mota da tanki, a zuro tiyo ta ƙarƙashin ƙofa, mu mata mu yi aiki a ciki. Abu Nasir ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, a kan aikin, da sharaɗin wata uku na gwaji. In na iya, in zauna. In ban iya ba, huruj, wato in tattara in koma gida da Ummi, wadda a lokacin shekararta biyu, ubanta kuma ya ci gaba da zama shi kaɗai. Da wannan a raina nake fita kullum, bayan na bar yarinyar a ɗakin maƙwabciya a unguwarmu ta Sulay.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Inna Delu, mutuniyar Maraɗi, ta fi shekara ashirin a ƙasar. 'Yar gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga sanda mai tsawon bene biyu sai ka ce muciya ta riƙe. Ta yi sharar asibiti, ta yi wankin taga da tsani da tsumma har ta taɓa faɗowa ta gurɗe ƙugu. Da sandar ruwa ta shigo gari, kwana uku ta yi tana kallon wani ɗan Filifin yana aiki da ita a tsallaken titi, ran na huɗu ta je ta ce wa Abu Nasir ya sayo. Larabci a bakinta kamar a nan aka haife ta. Ni kuwa ranar farko ko kallona ba ta yi sosai ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, aje jaka. Zo ki ga ruwa tukun, sanda sai daga baya."

Ta kai ni bayan sito, inda injin tacewa yake. Nan na fara sanin cewa ba kowane ruwa ne ruwa ba. Ta ciro wani abu kamar biro mai kauri daga aljihu, ta tsoma a ruwan famfo, lambobi suka fito ɗari-ɗari. Ta tsoma a ruwan da ya fito daga matatar, ya nuna sifiri. Ta ce abin da yake cikin ruwan famfo, gishiri da kanwa da ido ba ya gani, shi ne yake zama farin tabo in ruwa ya bushe a gilashi. Ruwan da aka tace kuwa ba ya barin komai. Shi ya sa ba sabulu, ba tsumma, ba gogewa. A wanke, a ɗauraye, a tafi a bar shi ya bushe da kansa.

Sai na ga wani tiyo na biyu a gefen injin yana ta zubar da ruwa cikin kwata. Na ce, "Inna, wannan ya fashe."

"Bai fashe ba. Zartsi ne. Dattin da aka cire, nan shike fita."

"Amma ai fari ne tas."

"Jarka uku ka shiga, guda ta fito mai kyau, biyu su tafi kwata. Haka injin shike."

Ban iya barci sosai ba a kwanakin nan saboda wannan tiyon. Kafin sati ya zagayo na tara tsofaffin jarkoki na fara tarar zartsin. Da shi nake wanki, da shi nake goge ɗaki, in ba maƙwabta na banɗaki. Mazan da suke aiki a siton suka sa mini suna Hajiya Zartsi. In na wuce sai wani ya ce, "Hajiya, a ɗebo miki na kwata ma?" Ban kula su ba.

Aikin farko da na tsaya na kalla da kyau, wata makarantar 'yan mata ce a unguwar Malaz, bene mai hawa biyu. Sandar ta ƙarfe ce marar nauyi, tana zuƙewa cikin kanta kamar eriyar rediyo, da buroshi a kai, da siririn tiyo da ya bi ta cikinta ya fito ta tsakiyar gashin buroshin. A ƙugun Inna akwai ɗan famfo da take buɗewa da rufewa. Ba ta farawa da gilashi. Katakon taga na sama take fara wankewa, don in aka bar shi, zai tsiyayo da datti bayan an tafi. Sai ta bari ya ɗiga, ta wuce ta gaba, ta dawo. Sannan ta goga gilashin sama da ƙasa sau biyu. Sannan ɗauraya: ta janye buroshin kaɗan daga gilashin, ruwa kaɗai yake taɓawa, ta bi daga wannan kusurwa zuwa waccan tana saukowa a hankali, kamar mai kitso tana bin layi. Kafin ta ɗaga ƙafa zuwa taga ta gaba, hannunta ya riga ya rufe famfon. Ban taɓa ganin ta yi taku ɗaya da ruwa a buɗe ba.

Kuma ba ta aiki da rana, da inuwa take aiki. Da safe yamma, bayan azahar gabas. Ta ce gilashin da rana ta gasa yana shanye ruwa kafin ya sauko da dattin, sai ka zuba ninki biyu ka samu rabin aiki. Tankinmu jarka ashirin yake ci. A ƙurar Riyad, jarka ɗaya taga shida take yi a hannun Inna. Ba ta leƙa tanki, amma in ta ce wa Baban Ummi ta waya "saura bakwai", zai duba ya ce bakwai ne.

Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai wadda za ta fito ta ce ina sabulu, ta rantse ba a wanke ba tunda ba ta ga kumfa ba. Akwai wata tsohuwa da take bin Inna da farin hankici tana shafa duk tagar da hannunta ya kai, tana ɓata mana aiki, Inna tana yi mata addu'a da Larabci tana zaginta da Hausa, duk da fara'a ɗaya. Akwai direbobin gida da za su lallaɓo wajen Baban Ummi su ce a ɗan ba su tiyo su watsa wa mota. Su gani suke ruwa ne kawai. Ba su san jarkar da za su watsar ta ci jarka uku kafin ta zama haka ba.

Kuskurena na yi shi ne a ƙarshen wata na uku, a wani gida a Dir'iyya. Za a yi walimar mata da yamma, kuma falon yana da manyan gilasai da suke kallon lambu ta yamma. Ranar Inna ta fara bar mini gefe guda ni kaɗai, ita ta tafi bayan gida. Na wanke, na goga sau biyu yadda take yi. Da na zo ɗauraya, na ga ruwan nan mai tsada yana gangarowa yana bin daɓe yana shiga rariya, sai hannuna ya ƙi. Na ce a raina ai gilashin ya riga ya yi haske. Sai na riƙa watsa masa sau ɗaya daga sama in rufe famfo. Inda Inna za ta kashe jarka biyar, na kashe biyu. Har da alfahari na gaya wa Baban Ummi a mota.

A jiƙe, kowane gilashi mai kyau ne. Sai da baƙi suka zauna, ranar yamma ta bugo gilasan, sannan kowane layi ya fito, fari-fari kamar sawun hawaye a fuskar yaro. Uwar gidan ta kira Abu Nasir tun kafin a ci abinci.

Washegari da sassafe muka koma. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini sanda ta samu kujera ta zauna. Tabon da ya kwana ya sha rana ba ya fita da sauƙi, sai da na goga kowane gilashi sau huɗu. Da na gama ta ce, "Jarka nawa yau?"

"Bakwai, Inna."

"Jiya fa?"

"Biyu."

"Nawa ke nan?"

"Tara."

"Da kin ba shi biyar ɗinshi jiya, da huɗu na nan cikin tanki. To wa ya yi ɓarna, ni ko ke?"

Da muka fito, Abu Nasir yana bakin ƙofa cikin motarsa. Larabcina bai yi ƙarfi ba a lokacin, amma na ji kalmar huruj sau biyu. Inna ta gyara lulluɓinta ta ƙarasa jikin motar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana kamar minti uku, shi kuma yana ta kaɗa carbi yana kallon gaba, daga ƙarshe ya ce halas, wato shi ke nan, ya ja mota. A hanya Baban Ummi ya fassara mini. Wai cewa ta yi ya kawo mata mata biyar kafin ni, duk agogo suke tambaya, ni kaɗai ce nake tambayar ruwa nawa ya rage. Wai wanda yake jin ciwon ruwa ana iya koya masa inda zai zuba shi, wanda ba ya ji kuwa ba abin da za a koya masa. Wai in ya sallame ni, ya nemi mai riƙe sanda, don ita ma ta gaji.

Inna tana kujerar baya tana cin dabino kamar ba ita ake faɗa ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Ki yi rowa ko'ina, ban da ɗauraya."

Shekara biyu muka yi lafiya. Kafaɗata ta saba, wuyana ya daina ciwon kallon sama, na kai taga shida a jarka. Sai muguwar shekarar ta zo, shekarar da aka ƙara kuɗin ruwa, kowa a gari yana kuka da takardarsa. Abu Nasir ya sa kwaɗo a famfon sito. Ya ce kowace mota tanki ɗaya a rana, ba komawa a ƙaro. Mazan ba su damu sosai ba, don gilasan ofisoshi da suke wankewa duk sati ba sa tara ƙura. Mu kuwa babban aikinmu shi ne makarantar nan ta Malaz, wadda ake wankewa bayan dogon hutu, a satin da malamai mata suka dawo ɗalibai ba su dawo ba. Taga ɗari da saba'in, ƙurar wata uku a kansu. Da tanki ɗaya da rabi muke yin ta. Abu Nasir ya ce mudira, wato shugabar makarantar, ta ce rana ɗaya ta bayar, kuma ba za a taɓa mata famfo ba. In ba za mu iya da tanki ɗaya ba, zai saki aikin, in kuma ya saki aikin, ƙungiyar mata ba ta da amfani a wurinsa. Inna tana da ɗa a Jidda da ya daɗe yana roƙonta ta huta. Ni ba ni da kowa a Jidda. Iƙamata saura wata biyu ta ƙare, Ummi kuma ta shekara huɗu, ba ta yarda ta ci abincin dare sai ubanta ya shigo.

Na yi lissafin ya fi sau ɗari. Jarka ashirin, taga shida-shida, ɗari da ashirin. Saura hamsin. Ko ta ina na juya shi, hamsin ɗin nan suna nan.

Ina wanke kayan makarantar allon Ummi da zartsi abin ya zo mini. A gida ai haka nake yi: in cuɗa da zartsi, in ɗauraye fararen kaya da ɗan ruwa mai kyau. Washegari na samu Inna a sito na ce, "Inna, rabin ruwanmu a wajen gugar laka yake tafiya. Laka kuwa ba ruwanta da ko an tace ruwa ko ba a tace ba. In na goga da zartsi, ke ki bi ni da mai kyau ki ɗauraye fa?"

Ta kalle ni ta ce, "Ke da zartsinki. So kike mu sake Dir'iyya?"

"A Dir'iyya ɗauraya na rage. Wannan ba za a taɓa ɗauraya ba."

Wani babba da ya shekara ashirin a sana'a, da cewa zai yi yaushe kika zo. Inna tashi ta yi ta ce in kawo baho. Muka je tagar ofishin sito, wadda ba a taɓa wankewa ba. Na tsoma buroshi a bahon zartsi na goga, ta bi ni da ruwa mai kyau ta ɗauraye cikakke. Sai ta cire murfin gora ta tara a ƙasan gilashin, ta tari ɗigon ƙarshe, ta tsoma ma'auninta a ciki. Ta duba, ta sake tara, ta sake dubawa. Sannan muka zauna muka jira ya bushe, mazan suna wucewa suna tambaya ko talabijin muke kallo. Ya bushe tas. Muka gwada a wasu tagogin muna auna ruwa: ɗauraya kaɗai, jarka ɗaya taga tara. Ɗari da saba'in, jarka sha tara. Saura ɗaya ta ko-ta-kwana.

Inna ta yaga bakin wani jan ɗankwali ta ɗaura a sanda ɗaya. Ta ce, "Wannan ta zartsi ce, har abada ba ta taɓa ɗauraya. Kuma kar ki wuce ni da fiye da taga guda. In zartsinki ya bushe kafin in iso, mun mutu."

Ranar aikin muka isa ana idar da sallar asuba, da tanki cike da jarkokin zartsi goma sha biyu da na tara. Baban Ummi ya ja layuka a jikin tankin, muka yi da shi duk jarkar da ta tafi ya danna hon sau ɗaya, mu ji daga ciki. Ni aikina shi ne in kwantar da sanda, in tsoma kan a baho, in ɗaga ta zuwa hawa na biyu, in goga, in sake kwantarwa. Sau biyu a kowace taga. Wanda bai taɓa ɗaga doguwar sanda mai jiƙaƙƙen buroshi daga kwance ba, ba zai gane ba. Kafin hantsi ruwan laka yana gangarowa ta hannun rigata har hammata. Inna tana bayana taku uku, ba ta sauri ba ta nawa, famfo a buɗe, famfo a rufe. Duk hon ɗin da ya yi sai in ƙirga tagogi. Hon na biyar, arba'in da shida. Hon na goma, casa'in da ɗaya. Muna kan lissafi.

Da rana ta take muka tsaya muka yi azahar a ƙarƙashin matakala, muka jira inuwa ta koma gabas. Na kira maƙwabciya na ji Ummi ta ci abinci. Inna ta ce, "Sau nawa ke nan kika kira yau?" Na ce uku. Ta ce, "Huɗu. Na ji na bayan banɗaki."

Hon na sha bakwai ya yi muna taga ta ɗari da hamsin da huɗu. A nan mudira ta fito, wata doguwa mai tabarau, ta nuna manyan gilasai huɗu na jikin matakala, waɗanda suka tashi daga ƙasa har rufi. Ba sa cikin ɗari da saba'in ɗin, bara ma ba mu wanke su ba. Ta ce a haɗa da su, iyaye ta nan suke shigowa. Kowanne ya kai taga uku. Inna ta ce mata to, inshallah.

Da ta shige na matso na rage murya. "Inna, ruwan ba zai kai ba. Tagogin bayan ɗakin girki da suka rage, ba mai ganinsu. Mu ɗan rage musu kaɗan."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Dir'iyya."

Muka gama na bayan ɗakin girki cikakku. Hon na sha tara ya yi muna ɗauraye taga ta ƙarshe. Saura jarka ɗaya, da manyan gilasai huɗu. Na farko, na biyu, na uku. Wayata ta yi ƙara, Baban Ummi ne. Ya ce ruwa ya sauka ƙasa da layin ƙarshe, ya hau da ƙafafun mota biyu kan dakalin titi don abin da ya rage ya taru a bakin bututu, iyakar abin da zai iya ke nan.

Inna ta karɓi sandar jan ƙyalle daga hannuna ta goge gilashi na huɗu da kanta. Sannan ta kwance ɗan famfon daga ƙugunta ta ɗaura mini, ta ba ni sandar ɗauraya.

"Inna, ke kika fi ni hannu."

"Na sani. Ɗauraye. Yadda na koya miki, ba yadda tsoro ya koya miki ba. In ya ƙare ya ƙare."

Na buɗe. Na fara daga kusurwar sama, na bi layi, na sauko. Ina tsakiyar gilashin tiyo ya fara tari, ya tofo iska, ya tofo ruwa. Duk jikina cewa yake in yi sauri in watsa wa ƙasan sau ɗaya in huta. Ban yi ba. Na tsaya a layin da nake har ruwa ya dawo, na ci gaba a hankali, kusurwa zuwa kusurwa. Ya sake tari, na sake jira. Ina kai layin ƙarshe na ƙasa, na ji injin turo ruwa na mota a waje ya canza murya, ruwan ya tsinke.

Inna ta tsugunna da murfin gorarta ta tari ɗigon ƙarshe ta auna. Ta mayar da ma'aunin aljihu ba ta nuna mini ba. Sai ta ce in kama mata tiyo. Muka bi shi tun daga bakin ƙofa muna ɗagawa, muna tatso abin da ya kwanta a cikinsa zuwa buta. Rabin buta ya fito. La'asar ta yi. Inna ta yi alwala da rabinsa, ta miƙo mini sauran, ta ce, "Ke da kika san tattali, ya ishe ki har da canji."

Muna idar da salla gilasan sun bushe. Mudira ta fito ta zagaya ginin gaba ɗaya, har bayan ɗakin girkin da na ce ba mai gani, nan ma ta fi daɗewa, don ashe tagar ɗakin hutawarta a can take. Ta dawo ta tsaya gaban manyan gilasan, ta karkata kai ta kalle su ta gefe, yadda masu neman laifi suke yi. Ta ce tamam, wato ya yi, ta shige ofis.

Abu Nasir bai taɓa cewa sannu ba, ba halinsa ba ne. Amma sati biyu bayan haka ya aiko Baban Ummi ya karɓi fasfona don sabunta iƙama, kuma aka kawo wani tsohon tanki aka ajiye a bakin tiyon kwata. Mazan da suke ce mini Hajiya Zartsi suka fara zuwa suna ɗiba. Sunan dai bai fita ba, har yau da shi wasu suka san ni.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi, sannan kafaɗarta ta ƙi, ta tafi Jidda wajen ɗanta. Ranar tafiyarta ta ba ni ma'auninta da murfin gorar nan. Na taɓa tambayarta abin da ya nuna a gilashin ƙarshe na Malaz. Ta ce, "Da bai yi ba, da kin ji." Har yanzu in na kira ta, kafin ta tambayi Ummi da ƙaninta sai ta tambaye ni taga nawa nake yi a jarka. Tsoron ƙarewar ruwa kuwa bai bar ni ba, kullum da shi nake fita. Sai dai yanzu na san inda zan ajiye shi: a wajen taku tsakanin taga da taga, a wajen mahaɗin tiyo mai yoyo, a wajen gilashin da rana take duka. Ba na kai shi wajen ɗauraya.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku 'yan mata masu son koyo, ku zo, amma ranar farko ba zan ba ku sanda ba, bayan sito za mu fara zuwa ku ga inda jarka biyu suke tafiya kafin a samu ɗaya. Ku kuma masu gida, in kun ga mace a tsakar gidanku ta ɗaga sanda tana zuba wa gilashin da ya riga ya yi haske ruwa, don Allah kar ku ce mata ya isa haka. Ta fi ku sanin abin da yake zuba a ƙasa, ta ƙirga shi tun asuba. Ku bar ta ta kai ƙasan gilashin.